Laifin Mai Wutar Walda Ne

Akwai masu tara tsofaffin motoci a Amurka da ke ganin duk wanda ya rage wa gaban motarsa tsayi ya ci mutuncin tarihi. Wai Chevrolet Impala ta 1964 sai a bar ta yadda ta fito daga masana'anta. Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, wannan raina talaka ne aka naɗa masa rawani. Su wa suka ɗaukaka darajar wannan mota in ba 'ya'yan Meziko mazauna gabashin Los Angeles ba, waɗanda suka sauke ta har ta kusa shafar kwalta? A 1958 jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana kowane sashe na mota sauka ƙasa da bakin wili, 'yan sanda kuwa suka sami sandar dukan samarin unguwa. Sai a Oktoban 2023 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu aka soke ta. Shekara 65!

Wanda ya cancanci tsinuwa shi ne bakaniken da ke ɗaukar zarto ko wutar walda ya tasam ma sifirin. In ya yanke shi, sifirin ya ƙara tauri, tazarar da ƙafar mota ke lilo a ciki ta ragu, ƙaramin rami ma sai ƙarfe ya daki ƙarfe, taya kuma ta karkace tana cin gefe guda. In kuwa gasa shi ya yi, to ya kashe ƙarfen ke nan: yau dama ta fi hagu sauka, gobe ya karye ana tsakiyar gudu. Araha ba ta ado, balle a ce da ran mutum za a biya cikon kuɗin.

Alhali kuwa ga hanya a sarari. A ƙafar gaba akwai wani ƙarfe mai ɗauke da sandan da taya ke juyawa a kai, wanda Turawa suka ara wa sunan mazarin kaɗi. Maƙera na ƙera irinsa da sandan a ɗage sama, galibi da inci 2. Da an ɗaura shi, taya ta haura cikin jikin mota, gaba ya sauka inci 2, sifirin da shokazoba kuwa suna nan yadda injiniya ya auna su. Tsohon mazarin a nannaɗe shi a ajiye. Ran da aka so sai a mayar. To, ina tarihin da aka ɓata?

Sai dai kada mai sabon mazari ya yi girman kai. Gaɓar ƙasa ta ƙafar ta matso kwalta da inci 2 ɗin nan, kuma a ƙaramin wili tana iya gogar cikinsa ko ta leƙo ƙasa da bakinsa. Ran da taya ta fashe, ita za ta riga wili taɓa ƙasa, sitiyari ya ƙwace. Kafin a bar gareji a sace iskar tayar gaba, a durƙusa a duba.