Makaho Ɗa Ne, Gurgu Ɗa Ne!

Ya ku jama'ar Masanawa, Kabo da Gwarzo, ku saurara!

Shagari ya kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, soja suka rufe ta a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Yau ta intanet ake karatunta. To, makahon garinku da me zai karanta? Kurma wa zai yi masa tafinta? Gurgu da me zai kai birni ranar jarrabawa?

Tun 2019 aka sa hannu a dokar kare naƙasassu. Masu kawo muku atamfa da taliya, ku tambaye su: ina aikinta?

Mu cewa muka yi: littattafan makafi, tafintan kurame, ɗakin jarrabawa kusa da gida. Ba don bara kuka haife su ba.

Ranar zaɓe, ku dangwala mana!