Agogon Neman Agaji: In Ka Yi Kira, Wa Zai Amsa?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani agogo na masu hannu da shuni, wanda ake cewa yana ceton ran mai shi idan ya ɓace a daji, ko a teku, ko a cikin hamada. Jama'a da dama in sun ji labarin sai su ce tatsuniya ce, wasu kuma su ce ai mai kuɗi ya gama da duniya. To, agogon dai gaskiya ne akwai shi, amma akwai abin dubawa a cikin lamarin.

Kamfanin Breitling na ƙasar Suwizalan shi ne ya ƙera wannan agogo, ya sa masa suna Emergency, ya fito da shi a shekarar 1995. Tun asali domin matuƙa jiragen sama aka yi shi. A cikinsa akwai wata 'yar ƙaramar na'ura mai kama da tashar rediyo, a gindinsa kuma akwai murfi. Idan hatsari ya auku sai mutum ya warware murfin, ya jawo wata waya doguwa, ita ce eriyarsa. Daga nan sai agogon ya shiga aika siginar neman agaji a kan zango 121.5, wanda jiragen sama ke saurare saboda irin wannan larura. Na farkon sai jirgi ya gitta ta yankin kafin a ji shi sosai. A 2013 kamfanin ya fito da na biyu, wanda ya ƙara da zango 406, shi kuma taurarin ɗan'adam ne ke jin sa daga sama, har su gane lambar agogon da wurin da yake. Lokacin da aka fara sayar da shi a Amurka kuɗinsa ya haura dala 15,000. Mai karatu ya lissafa da kansa buhun masara nawa ke nan.

Sannan ba abin wasa ba ne. Mai saye sai ya sa hannu a takarda cewa in ya ja eriyar ba tare da dalili ba, shi zai biya kuɗin wahalar masu nema. In kuwa an ja ta, sai an mayar da agogon kamfani kafin ya sake aiki. Ashe ba irin wanda ake ba yaro ya yi wasa da shi a zaure ba ne.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Agogon ba ya fitar da kowa daga ruwa, ba ya kawo wa kowa ruwan sha a hamada. Ihu kawai yake yi. Masu jin ihun su ne wani shiri na ƙasa da ƙasa da ake kira Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka haɗu suka kafa, ya kuma fara ceton mutane a 1982. Tauraro ya ji kiran, ya miƙa wa tasha a ƙasa, tasha ta sanar da hukumar agaji ta yankin, ita kuma ta tashi jirgi ko mota. In ɗaya daga cikin waɗannan ya yi barci, to an yi ihu bayan hari.

Misali, a watan Janairu na 2003 wasu Turawan Ingila su biyu jirginsu mai saukar ungulu ya faɗa teku kusa da Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu inda ƙanƙara ta rufe ko'ina. Suka shiga ƙaramin kwalekwalen roba, ɗayansu ya buga wa matarsa wayar tauraro a Ingila, ita kuma ta sanar da masu aikin ceto. Suka ja eriyar agogunansu, aka bi siginar, bayan sa'o'i da dama jirgin ruwan sojojin ƙasar Cile ya tsamo su da rai. Allah ne ya kuɓutar da su, amma dubi mutum nawa suka tashi tsaye kafin a kai gare su.

Wani misalin kuma shi ne na attajirin Amurka Steve Fossett, wanda ya yi suna wajen zagaya duniya a balan-balan da jirgin sama. Yana da irin wannan agogo. A watan Satumba na 2007 ya tashi da ƙaramin jirgi a jihar Nebada bai dawo ba, daga baya matarsa ta bayyana cewa ranar bai ɗaura agogon ba. Aka yi makonni ana nema, ba a ga tarkacen jirgin ba sai a 2008. Makamin da aka bari a gida ba ya maganin ɓarawon hanya.

Wani zai ce, mu talakawa me ya shafe mu? Ya shafe mu ƙwarai, domin Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga wancan shiri na taurari, kuma hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita aka ɗora wa alhakinsa. Amma ba mu manta da daren 22 ga Oktoba 2005 ba, lokacin da jirgin Bellview ya tashi daga Legas zuwa Abuja ya faɗi a ƙauyen Lisa na Jihar Ogun da mutum 117. Sai washegari aka gano wurin, bayan an fara cewa a Jihar Oyo ya faɗi. Babu wanda ya rayu, amma da akwai mai sauran numfashi fa, wa zai riske shi a kan lokaci? Haka nan a Oktoba 2013 motoci suka lalace da 'yan uwanmu na Nijar a hamada arewa da Arlit, a hanyar Aljeriya. Gawa 92 aka tsinta, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su. Waɗannan ba a nan take suka mutu ba, kwanaki suka yi. Da an ji kiransu, da kuma akwai mai zuwa, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba dole sai da agogon miliyoyi ba. Akwai na'urar da ke yin wannan aikin, girmanta bai wuce wayar hannu ba, masu jiragen ruwa da maharba na ƙasashen waje suna saye da 'yan ɗaruruwan daloli. Zangon ɗaya ne, tauraron ma ɗaya ne, kuma ba ya tambaya ko mai kiran attajiri ne. Ragowar kuɗin agogon na suna ne da ado.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin direbobi masu dogon zango, musamman masu ratsa hamada, da masu kwalekwalen fito a kogin Kwara da Binuwai inda ake yawan asarar rayuka da damina, su nemi bayani a wurin hukuma kan yadda ake mallakar irin wannan na'ura da yi mata rajista, su haɗa kuɗi su saya, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati kuma ta tanadi jirage da man da za su tashi, da ma'aikatan da ke kan aiki dare da rana, ta kuma bayyana wa jama'a a rediyo da Hausa. Su kuma attajiranmu masu sha'awar wannan agogo, ba mu hana ku ba, kuɗinku ne. Amma kafin ku ɗaura, ku tambaya wa zai zo in kun ja eriyar a tsakiyar daji. Ku da ke da baki a wurin hukuma, ku matsa a gyara aikin ceto, domin jirgin da zai zo ɗaukar ku shi ne zai zo ɗaukar mu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya kiyaye mu daga mummunan hatsari, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin. Wassalam.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Daga Ƙaramar Hukumar Malumfashi, Jihar Katsina.