Nakasassu Nawa Ne A Zungur?

Tun daga ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ba a sake ƙidaya mutanen Nijeriya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. A waccan ƙidayar an ce nakasassu sun ɗan haura miliyan 3, wato kashi 2.3 daga cikin ɗari na jama'ar ƙasa. Amma kuma a 2022 sai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mutum ɗaya daga cikin kowane shida a duniya yana da wata nakasa, har ma waɗansunsu kan riga sauran jama'a mutuwa da shekara 20. Mai karatu zai ga cewa tazarar da ke tsakanin lissafin nan biyu ta yi yawa ainun.

Abin da ya kawo wannan bambanci kuwa shi ne yadda ake yin tambayar. Idan malamin ƙidaya ya tsaya a zaure ya ce wa maigida, "Akwai nakasasshe a gidan nan?" to, amsar da zai samu ita ce babu, alhali kuwa ga gyatuma can a ɗaki yanar ido ta rufe mata gani, ga kuma yaro da sanƙarau ya toshe wa kunne. Bahaushe ba ya kiran uwarsa nakasasshiya, cewa zai yi tsufa ne ya zo. Saboda haka, a binciken lafiyar iyali na 2018, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta sake salo, ta riƙa tambayar ko mutum yana shan wahala wajen gani, ko ji, ko tafiya, ko tuna abu, ko wanka da sa tufa, ko fahimtar juna da mutane. Da aka yi haka sai aka sami kashi 7 na 'yan shekara biyar zuwa sama suna da wata matsala, kashi 1 kuma tasu ta yi tsanani.

Amfanin irin wannan bincike ba ɓoyayye ba ne. Tsakanin 2005 da 2007 an auna idanun masu shekara 40 zuwa sama a duk faɗin ƙasa, aka tarar kashi 4.2 makafi ne. A shiyyar Arewa maso Gabas, inda Jihar Bauchi take, abin ya kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kuwa kashi 2.8 kacal. An kuma gano cewa kashi 84 na wannan makanta ana iya hana aukuwarta ko a warkar da ita, kuma yanar ido ce kan gaba, wadda aikin ƙasa da awa guda yake cirewa. Ashe ke nan da yawa daga cikin waɗanda muke gani ana yi wa jagora a bakin kasuwar Wunti ba don ciwonsu ya gagari magani suka makance ba, likitan ido ne ya yi musu nisa.

To, sai dai duk waɗannan alkaluma na ƙasa ne da na shiyya. Babu ɗayansu da zai gaya wa shugaban ƙaramar hukumar Bauchi kujerun guragu nawa ake bukata a gundumar Zungur, ko mata kurame nawa ne ke zuwa awon ciki su koma gida ba su ji abin da ungozoma ta faɗa ba. Abin takaici ne a ce haka take faruwa a ƙasar da marigayi Malam Sa'adu Zungur yake amsa sunanta, mutumin da ya koyar da aikin tsabta da kiwon lafiya tun kafin ya shiga siyasa.

Ba kuwa iyawa ce muka rasa ba. A lokacin yaƙi da shan inna, duk yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, ko a wane ƙauye yake, sai jami'i ya je ya rubuta shi, an ɗauki bayan gidansa zuwa ɗakin gwaji a Maiduguri ko Ibadan. Da haka aka kai ga ranar da aka ce Nijeriya ta rabu da cutar a watan Agusta na 2020. Amma ƙwayar cutar ake bi, sai aka bar yaran da ta riga ta gurgunta, waɗanda yanzu sun zama samari da 'yan mata.

Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a 2024. Wane asibiti za a fara gyarawa idan ba a san inda masu bukatar suka fi yawa ba?

A ganina aikin bai kai a jira ƙidaya ta ƙasa ba. A ƙara tambayoyin nan shida a cikin rajistar kowane ƙaramin asibiti na Zungur, kusa da gurbin suna da shekaru. Sa'an nan a zauna da dagatai da masu unguwa, da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, waɗanda suka san mutanensu gida gida tun kafin a kafa ma'aikatar lafiya. Abin da aka tara a kai shi gaban majalisar ƙaramar hukuma kafin a zauna kasafin kuɗin baɗi.