Shafin da ke cikin kan mutum ɗaya ba namu ba ne



A ranar 30 ga Nuwamban 2023 OkadaBooks ta rufe, bayan shekara goma tana sayar da littattafan marubutan Najeriya, ciki har da na Hausa masu yawa. Mai kwafin aikinsa a wani wuri ya kwashi kayansa ya yi gaba, marar shi kuwa sai neman wanda ya taɓa saukewa a waya. Kayan aro dama ba ya rufe katara. Shi ya sa muke goyon bayan duk ƙungiyar marubutan da ta ce za ta buɗe shafinta na kanta. Rigimarmu tana kan yadda ake buɗe shi.

Abin da aka saba shi ne a tara kuɗi a miƙa wa wani matashi da "ya san kwamfuta". Ya kama hayar saba, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, a ɗaya daga cikin manyan rumbunan kamfanoni irin su Amazon ko Google ko Microsoft. Ya yi kwana uku yana danne-danne, shafi ya tashi, a sha tafi. Me ya danna? Wace manhaja ya ɗora? Da sunan wa aka yi rajista? Babu mai tambaya, domin wasu na ganin tambayar rashin yarda ce. Mu kuma muna ganin rashin tambayar sakaci ne da amanar mutanen da suka ba da labaransu.

A ɗauka matashin nan ɗan Karare ne, can ƙasar Batsari. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. A irin wannan lokaci sabar tana can wata ƙasa tana aiki, amma wanda ya san sirrinta ba ya samuwa ko da saƙon tes. Kuɗin haya ya ƙare ko wani abu ya lalace, 'yan ƙungiya na Katsina da Kano suna da intanet a hannu, sai dai kallo. Laifin ba na yaron ba ne, na waɗanda suka bar gidan jama'a a cikin kansa ne.

Masana sun daɗe da samo maganin wannan, kuma maganin sana'armu ce: rubutu. Maimakon a gina sabar da danne-danne, sai a rubuta siffarta a fayil: saba ɗaya, mai ƙwaƙwalwa kaza, a rumbun ƙasa kaza, a buɗe ƙofa kaza a rufe sauran. Manhaja irin Terraform, wadda kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014, ko OpenTofu da aka tsago daga jikinta a 2023, za ta karanta fayil ɗin, ta fara nuna abin da take shirin yi, in an amince ta gina. Wata kuma, Ansible, ta bi jerin umarni ta ɗora WordPress da sauran kayan ciki. Fayilolin a ajiye su a GitHub, inda kowane gyara ke ɗauke da sunan mai shi da ranar da ya yi. In saba ta mutu yau, duk wanda ke da fayil da izini zai tayar da irinta sak, ko yana Dutsin-Ma ko yana Maraɗi.

Mun san masu cewa wannan ba aikin marubuci ba ne. Ba mu ce kowa ya koma injiniya ba. Mai gina gida ba ya kwaɓa siminti, amma ba ya barin takardar fili a aljihun magini. Abin da muke nema daga shugabannin ƙungiyoyi shi ne kada su karɓi shafi sai da rubutaccen tsarinsa, kuma mutum na biyu ya gwada tayar da shi daga fayil ɗin a gaban shaidu kafin a biya cikon kuɗin aiki.

Akwai masu cewa ai manyan kamfanonin nan ba sa faɗuwa. A watan Maris na 2021 gobara ta ci rumbun kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, wasu ba su sake ganin bayanansu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A lura kuma, fayil ɗin tsari gini kawai yake mayarwa, ba ya mayar da kayan ɗaki. Labaran kansu sai an riƙa kwafe su kowane mako zuwa wani wuri daban, ɗaya a intanet, ɗaya a filashi a hannun sakatare.

Masu cewa makarantanmu suna Facebook da WhatsApp da Wattpad sun yi gaskiya, kuma ba mu ce a bar can ba. Can kasuwa ce, a kai haja a dawo gida. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp sun ɗauke na kusan awa shida, kowa ya ga iyakar ikonsa a rumfar da ba tasa ba.

Don haka ga abin da muke kira a kai. Sunan shafi a yi masa rajista da imel ɗin ƙungiya. Tsarin saba ya kasance a rubuce. Kalmomin sirri kada su shiga cikin fayil ɗin, a damƙa su ga amintattu biyu da ba gari ɗaya suke zaune ba. Matasanmu masu wannan ilimi kuma su rubuta bayanin kowane mataki da Hausa, yadda ma'aji zai karanta ya gane.

Duk wanda ƙungiyarsa ke da shafi, ya tambayi shugabanninsa a wannan mako: in mai kula da shi bai samu ba, wa zai iya tayar da shi? Ku kawo mana amsar da aka ba ku a ƙarƙashin wannan rubutu. Allah Ya zaunar da yankunanmu lafiya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.