Kira Ga Makarantun Islamiyya Na Funtuwa Da Malumfashi: A Koyar Da Rubutun Shafin Intanet



Ya 'yan uwa Musulmi, duk mazaunin kudancin Jihar Katsina bai manta da watan Satumba na shekarar 2021 ba, lokacin da hukuma ta rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Dandume da Faskari. Sai wajen ƙarshen shekarar aka fara mayar da su. An yi maganar asarar 'yan kasuwar hatsi, kuma haƙiƙa sun yi asara. Amma akwai wata asara da ba a lissafa ba. Karatuttukan malamanmu da muka jibge a Facebook da zaurukan WhatsApp, tafsiri da fiƙihu da amsoshin tambayoyi, duk muka wayi gari ba mu iya kai wa gare su, alhali malaman suna nan a garuruwanmu, kuma mu ne muka naɗi karatun da hannunmu.

Wannan ya isa ya nuna mana cewa mun ajiye hatsinmu a rumbun wani. Mai rumbu yana iya rufe ƙofa ranar da ya ga dama, yana iya goge shafin makaranta ba tare da ya nemi jin ta bakin kowa ba. Ko da bai rufe ba, wa ya taɓa samo fatawar bara a cikin tarin saƙonnin murya na zaure mai mutum ɗari biyu? Saboda haka muke kira ga shugabannin makarantun Islamiyya na wannan yanki da su shigar da koyon HTML, watau harshen alamomin da ake gina shafin intanet da shi, cikin abin da ake karantar da manyan ɗalibai, maza da mata.

Kada sunan ya tsorata kowa. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu na rubutun hannu ya riga ya san tushen abin. Marubutanmu na da suna rubuta matani da baƙin tawada, idan suka zo kan babi ko fasali sai su ɗauko ja, sharhi kuma su kai shi gefen takarda, domin mai karatu ya gane matsayin kowace magana kafin ya karanta ta. To, haka HTML yake, sai dai na'ura ba ta ganin jan tawada, don haka ake gaya mata da haruffa. Idan ana nufin babban kanu, sai a rubuta h1 a cikin baka biyu masu tsini kafin maganar, a sake rubuta shi a ƙarshenta tare da ɗan layi mai karkata, alamar an rufe. Sakin layi harafin p ne. Mahaɗar da ake latsawa ta kai mutum wani shafi harafin a ce. Akwai alamar jeri, da ta jadawali, da ta hoto, da ta sauti. Ba lissafi a ciki, ba dabara mai zurfi. Yaron da ya haddace hukuncin nunu mai sukuni da tanwini ba zai kasa riƙe alamomi ashirin ba.

Wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago wannan tsari a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba. Ya gabatar da shawararsa a 1989, bayanin farko da ya fitar a 1991 kuwa alamomi 18 ne kacal a cikinsa. A 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, ba wanda zai biya ko kwabo. Yau alamomin sun haura ɗari, amma shafukan da aka rubuta a waɗancan shekaru har yanzu suna buɗuwa. Ku gwada wannan da kaset ɗin wa'azin da muka naɗa a shekarun nan guda, waɗanda zafi da ƙura suka cinye, rediyon da zai juya su ma sai an sha wuya a same shi.

Bari mu kawo misalin da ya shafi kowane gida a wannan ƙasa ta masara da dawa da waken suya. Kowace kaka tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa game da zakkar amfanin gona. Nisabi wusuƙi biyar ne, watau sa'i 300. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, abin da aka shayar da wahala da kuɗi, kamar noman rani na injin ban ruwa, ɗaya bisa ashirin. Sai kuma tambayar da ta fi damun manomi: nawa ke nan a tiya da buhun da ake awo da su a kasuwar Dandume ko ta Bakori? Wannan aikin malaman yankin ne su zauna su auna su tantance. Idan sun tantance, ɗalibi ɗaya ya isa ya zuba shi a jadawali, da sunan malamin da ya duba da ranar da aka duba, a shafi guda wanda bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Shafin nan fayil ne kamar kowane fayil. Ana ajiye shi a waya, ana tura shi daga waya zuwa waya ta Bluetooth, yana kuma buɗuwa ko da babu layin sadarwa ko kaɗan. Da muna da irinsa a 2021, da manomin Kafur bai jira a buɗe layi ba kafin ya san haƙƙin Allah a cikin masararsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a wurinmu. Sau nawa muka ga aya ko hadisi a shafi, haruffan sun wargaje, ko jimlar ta juye, ko kuma ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama akwatuna da alamun tambaya? Hausa kuwa ba ta yafe wannan, domin ƙasa daban, kasa daban, ɓata daban, bata daban. Maganin duka bai wuce layi biyu ba. A saman shafi a shaida wa na'ura cewa tsarin haruffan UTF-8 ne, a kan sakin layin Larabci kuma a sa alamar rtl, wadda take nufin a fara daga dama. Wanda bai san wannan ba zai yaɗa nassi gurɓatacce da kyakkyawar niyya, kuma niyya ba ta gyara harafi.

Mun san wasu 'yan uwa za su ce intanet matattarar fasadi ce, bai kamata makarantar addini ta kusance ta ba. Ba mu musun fasadin. Amma an faɗi irin wannan game da rediyo, sai ga shi ta gidan rediyon Kaduna tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa, ya shiga ƙauyukan da malami bai taɓa takawa ba, har cikin ɗakunan matan da ba su fita. Hanya tana ɗaukar hukuncin abin da take kaiwa gare shi, kuma malamai sun daɗe da bayyana cewa sana'ar da al'umma ba ta wadatuwa ga barinta farilla ce ta kifaya. 'Ya'yanmu dai suna cikin intanet tun tuni, da izininmu ko babu.

Wasu kuma, musamman samari, suna cewa ai yanzu akwai manhajojin da za ka gaya wa abin da kake so su rubuta maka shafi cikin daƙiƙa. Gaskiya ne, kuma ba mu hana amfani da su. Sai dai wanda ba ya karatu ba ya ba da shaida a kan takarda. Idan na'ura ta rubuta, dole a samu wanda zai buɗe ya duba abin da ta sa, ya ga ko ta canja lafazi, ko ta liƙo mahaɗa zuwa inda ba a so. A nan ma muna gargaɗin iyaye game da masu tallar kwasa-kwasan da suke alkawarin dala cikin wata guda. HTML shi kaɗai ba ya ciyar da gida. Matakin farko ne, bayansa akwai CSS na tsara kamannin shafi da JavaScript na sarrafa shi, kuma wannan tafiya ce ta shekaru ga wanda Allah ya hore wa.

Abin da ake buƙata don farawa kaɗan ne: tsohuwar kwamfuta ɗaya, ko ma wayar hannu, da allo, da malami guda, awa biyu ranar Alhamis ko Juma'a da ba a karatu. A fara rubuta alamomin a littafi da biro kafin a taɓa na'ura, kamar yadda ake fara babbaƙu kafin farfaru. Kada a ware 'yan mata, domin su ne suka fi kusa da karatun matan aure, kuma aikin ba ya buƙatar fita daga gida.

Idan makaranta ta kai ga sayen adireshinta na intanet, to a lura, haya ce ta shekara-shekara, ranar da aka manta biya sai wani ya ɗauke sunan ya zuba abin da ya ga dama a ƙarƙashinsa. A yi rajistar da sunan makaranta, kada a yi da sunan wani saurayi guda wanda gobe zai tafi karatu Zariya da kalmar sirri a kansa. A sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin kwamiti tare da kuɗin alli da tabarmi, a kuma ajiye kwafin dukkan shafukan a wuri biyu, ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin ma'aji.