Ra'ayi: A riƙa duba ƙafar mota a tashoshin Damagaram kafin a yi lodi

Duk lokacin da motar fasinja ta ƙwace ta kife a hanyar Tanut ko ta Magarya, bayanin da ake ji bai wuce uku ba: hanya ba ta da kyau, direba ya yi gudu, ko kuma kwana ne ya ƙare. Da wuya a ji wanda ya tambayi halin da ƙafar motar take ciki lokacin da ta bar tasha. Alhali a nan ne ya fi sauƙi a tare hatsarin, kuma da kuɗi kaɗan.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota shi ne duk kayan da suka haɗa taya da jikin mota da sitiyari. Akwai sifirin, wanda ke ɗaukar nauyi. Akwai amortisar, wanda a Kano ake ce wa shokabzoba, aikinsa ya hana taya tsalle ta zauna daram a ƙasa. Akwai rotil, gaɓar ƙarfe mai kan ƙwallo da ke ba taya damar juyawa, sai kuma sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya. Idan inji ya mutu, mota tsayawa take yi, fasinja su sauka su nemi inuwa. Idan rotil ya tsinke ana cikin gudu, taya na iya kwantawa ko ta juya inda ta ga dama, direba yana riƙe da sitiyarin da ba ya haɗe da komai.

Yanayin ƙasarmu abokin gabar waɗannan kayan ne. Kowane rotil yana da rigar roba da ke riƙe masa girisi. Zafin bazara yana busar da robar har ta tsage, rairayi da ƙurar hunturu su shiga su cakuɗe da girisin, su riƙa cin ƙarfen a hankali. Ga ramuka, ga hanyoyin ƙauye masu gargada, ga lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa: buhunan gero da wake a sama, awaki a baya, mutane a tsakiya. Motar da ta kama hanyar Agadas tana da kusan kilomita 450 a gabanta, kuma tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, tankokin mai na bin wannan hanya tare da ƙananan motoci. Mai son kauce wa tanka a gefen kwaltar da ta zaizaye yana buƙatar sitiyarin da zai amsa nan take.

Ƙafar mota ba ta lalacewa a ɓoye. Sitiyari yana yin wasa, a murɗa shi kaɗan taya ba ta motsa ba. Mota tana ja gefe guda. Ana jin ƙwas-ƙwas daga ƙasa idan an taka rami. Taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Amortisar yana yoyon mai, mota ta riƙa lilo bayan ta wuce tudu, burki kuma ya ɗauki nisa kafin ya tsayar da ita. Direban da ya shekara a kan hanya ya san waɗannan alamu duka.

To me ya sa ba a gyarawa? A nan ne nake ganin ana ɗora wa direba laifin da ba nasa shi kaɗai ba. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motar ba. Akwai kuɗin da mai mota ke jira ko an samu ko ba a samu ba, kuma yinin da aka yi a gareji yini ne da ba a kawo komai gida ba. Mai mota yakan saki kuɗi da sauri idan inji ne, domin ba ya tafiya sai an gyara. Idan aka ce ƙafa ce, sai ya ce a lallaɓa zuwa mako mai zuwa. Daga nan ake faɗawa gyaran dabara: a bubbuga rotil da guduma don ya daina motsi, a cusa robar tsohuwar taya a inda bushin ya mutu, a yi wa sandar sitiyari walda, a ƙara ganyen sifirin don mota ta ɗauki abin da ba a ƙera ta don shi ba. Ƙarar ta ɓace, cutar tana nan.

Masu motoci suna da hujjar da ya kamata a saurara. Kayan gyara sun yi tsada. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakar Benin, abin da ke shigowa ta Kwatano ya yi wuya, kuma mai neman kaya a Damagaram yakan dogara da abin da aka ɗauko daga kasuwanni irin su Kofar Ruwa a Kano, inda na ƙwarai da jabu ke zaune a rumfa ɗaya. Gyaran hanya kuwa haƙƙi ne a kan gwamnati, ba za mu daina tuna mata ba. Amma lalacewar hanya dalili ne na a yawaita duba mota. Kuɗin rotil biyu bai kai kuɗin taya biyun da zai cinye ba, balle kuɗin jinyar mutum goma a babban asibitin Damagaram.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Muna da hukumar kiyaye haɗurra ta ANISER, muna da dokar kai mota a duba lafiyarta. Sai dai takardar da aka samu watannin baya ba ta san ramin da aka faɗa jiya a hanyar Gure ba.

Shawarata ita ce ƙungiyoyin direbobi su ɗauki wannan aiki a tashoshinsu. Su ne ke riƙe da layi, su ke cewa wace mota za ta yi lodi. Kowace tasha ta ajiye makaniki ɗaya mai jak. Sau ɗaya a mako a ɗaga gaban kowace motar haya, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a kama ta dama da hagu a girgiza, a leƙa roba da amortisar. Aikin minti goma ne. Wadda aka samu da motsi a cire ta daga layi har sai an gyara, kuma a rubuta sunan mai motar a littafi, domin kada hukuncin ya tsaya kan direba. Za a iya biyan makanikin daga kuɗin da ake karɓa a kan kowane lodi. Mahukuntan birni da jandarmomi su nemi ganin littafin. Masarautar Damagaram ma, wadda maganarta ke da nauyi a wurin 'yan kasuwa, tana iya tara shugabannin tasha kan wannan batu.

Fasinja kuma yana da nasa. Idan ka ji ƙasan mota yana ƙara tun kafin a fita gari, ka yi magana, ko da za a ce ka cika tsoro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda ya biya kuɗin mota zuwa Matamaye ya biya ne don ya isa.