Yuro 8 ɗin da suka tayar da ƙura: in manhajar kyauta ta ce a biya, me ya kamata ya ba ka haushi?

In kana cikin masu wasa da Arduino, ko ka taɓa yin furojet na lantarki a makaranta, to ka san hoton nan ko da ba ka san wanda ya zana shi ba: farin allon gwaji mai ƙananan ramuka, jajaye da baƙaƙen wayoyi sun lanƙwasa sun shige inda ya kamata, ga ƙwan LED, ga rezista da ratsin jikinta. Darussa da yawa da kake kallo a YouTube da irin wannan hoton suke nuna maka inda za ka soka kowace waya. Sunan manhajar da ke zana shi Fritzing. An fara ta a 2007 a wata jami'ar kimiyya da sana'a da ke Potsdam a Jamus, kuma tun farko don irinmu aka yi ta: ɗalibai, masu zane, da masu haɗe-haɗe don sha'awa, waɗanda ba su yi karatun injiniya ba.

Shekara goma sha biyu duk wanda ya so yana sauke ta ba tare da ya biya ko sisi ba. A 2019 sai masu kula da ita suka ce daga yanzu wanda zai sauke ta daga shafinsu sai ya ba da Yuro 8. Nan fa aka yi ca. Wasu suka ce cin amana ne, tunda jama'a ne suka zana kayayyaki da yawa da ke cikinta, kyauta, yanzu kuma a juyo a sayar musu. Wasu suka ce ai buɗaɗɗiyar manhaja ba a sayar da ita. Wasu kuma, musamman na Turai, suka ce kuɗin bai kai na abincin rana ba, a daina surutu.

Ni dai ina ganin masu fushin nan sun fi gaskiya fiye da yadda ake ba su, amma sun ɗora fushin a inda bai dace ba.

Fara da wannan: kafin a sa kuɗin, Fritzing ta kusa mutuwa. Sigar 0.9.3 ta fito a 2016, daga nan shiru, sama da shekara uku ba sabuwa. Kurakurai suna taruwa ba mai gyarawa, sababbin kwamfutoci suna fitowa manhajar tana tsufa. Kowa na amfani da ita, kowa na yaba ta, amma masu ba da gudummawa ba su kai su riƙe ko mutum ɗaya ya zauna a kanta ba. Bayan an sa kuɗin ne aka ga sigar 0.9.4 a ƙarshen 2019, aka ci gaba da fitar da wasu, har aka kai 1.0 a 2023. Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ji Hausawa. Wanda ke gyara manhajar nan yana biyan haya, yana sayen abinci, kamar yadda mai gyaran waya a Farm Centre ba zai canja maka sikirin don kawai ka ce masa aikinsa na da kyau ba.

Batun cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba a sayar da ita kuwa, rashin fahimta ne. Lasisin da Fritzing ke kai, wato GPL, bai hana karɓar kuɗi ba. Abin da ya hana shi ne a ɓoye maka asalin rubutun manhajar. Kuma ba a ɓoye ba: yana nan a GitHub, duk wanda ya iya zai ɗauka ya harhaɗa ta da kansa, ba wanda zai tambaye shi kobo. Masu amfani da Ubuntu ma suna samun ta a ma'ajiyar manhajojinsu, ko da yake ba lallai sigar ƙarshe ba. Abin da Yuro 8 ɗin ke saya maka shi ne sauƙi, a ba ka ita a shirye ka danna ka girka. Zanen da ka yi bara yana kwamfutarka, yana buɗewa, ba wanda ya kulle shi.

To amma wanda ya ce Yuro 8 ba komai ba ne, a Berlin yake magana. Kai da ke Kano ko Zariya ko Maiduguri ka san lissafin daban yake. Bayan an saki Naira a watan Yunin 2023, a hankali Yuro 8 ta haura Naira dubu goma, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi Naira dubu 70 ne tun 2024, kuma ɗalibi ma ba albashin yake ɗauka ba. Da wannan kuɗin sai ya zaɓa: manhaja, ko sensar da furojet ɗin ke jira. Kuma ko kana da kuɗin a hannu, biyan ma wani aiki ne. Daga 2022 bankunanmu da yawa suka rage abin da za ka iya kashewa a waje da katin Naira, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara buɗewa. Shekaru kusan uku ke nan matashi na son ya biya da halaliyarsa amma katinsa na ƙi. Wanda ya zauna a Jamus ya ce masu ƙorafi 'yan son banza ne bai taɓa tsayawa yana kallon saƙon "an ƙi karɓar katinka" sau biyar ba.

Wannan ƙorafin kam yana da tushe, kuma shi ya kamata mu riƙa ɗagawa. Spotify da Netflix sun san farashin Amurka ba zai yi aiki a Najeriya ba, shi ya sa suka yanka mana namu da Naira. Ƙananan masu manhaja su ma za su iya, amma galibi ba su ma san muna nan ba. Mu kan sauke mu yi shiru, ranar da aka sa kuɗi kuma mu yi zagi mu tafi. Da wuya ka ga wanda ya rubuta musu a tsanake ya ce: ga mu ɗalibai kaza a jami'a kaza, ga darajar kuɗinmu, ga matsalar katinmu, ko akwai farashin ɗalibai ko wata hanyar biya? Mai manhaja ba zai rage wa mutanen da bai san da su ba.

Yanzu bari in kai ka inda fushi ya fi cancanta. Ka san Blynk? Manhajar waya ce da ta yi farin jini wajen masu ESP8266 da ESP32. Ka ja maɓalli ka ajiye a fuskar wayarka, ka haɗa da allonka, sai ga ka kana kunna fanka ko famfon ruwa daga ko'ina. Tsohuwar sigarta tana ba ka wasu maki kyauta, kowane maɓalli na cin nasa, in sun ƙare ka saya. Mutane sun saya kuwa. A 2021 kamfanin ya fito da sabon tsari na biyan wata-wata, da ɓangaren kyauta mai iyaka, sannan a ƙarshen 2022 ya kashe sabar tsohon tsarin. Duk na'urar da ke dogara da waccan sabar ta daina jin magana. Wanda ya riga ya manne allonsa a cikin akwati, ya kafa a bango ko a saman tanki, sai ya sauko da shi, ya sake rubuta masa umarni, ya sake gina fuskar wayar daga farko.

A yi adalci, Blynk na da hujjarta. Duk saƙon da allonka ya aika sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin kafin ya iso wayarka, dare da rana, kuma waɗannan kwamfutocin haya ake biya musu kowane wata. Makin da ka saya sau ɗaya a 2018 ba zai biya wannan har abada ba. Sun kuma ba da sanarwa tun da wuri. Amma duba bambancin da Fritzing. Can an ce ka biya kafin ka karɓi sabuwa, taka ta da tana hannunka. Nan kuwa abin da ka riga ka gina ne ya tsaya, don ashe rabinsa ba a gidanka yake ba. Ka yi tunanin wanda ya haɗa wa maƙwabci ko wani mai gidan kaji irin wannan na'urar ya karɓi kuɗi. Ranar da ta tsaya, mai kajin ba Blynk zai kira ba.

Haka masu EAGLE suka gani. Manhajar zana allon lantarki ce da ta daɗe tana hannun masu sha'awa. Autodesk ya saye ta a 2016, farkon 2017 ya mayar da ita ta biyan kuɗi lokaci-lokaci, daga baya kuma ya sanar cewa zai daina tallafa mata a 2026. Mutane da yawa suka kwashe kayansu suka koma KiCad, wadda Jean-Pierre Charras ya fara a Faransa tun 1992, kuma cibiyar binciken nan ta CERN ta shiga taimaka mata. KiCad ta fi Fritzing wuyar koyo, ba zan ɓoye maka ba, makon farko sai ka ji kamar ka jefar da kwamfutar. Amma kyauta ce ta gaske, ba iyakar girman allo, kuma ba kamfani ɗaya da zai wayi gari ya rufe ta.

Kada ka ɗauka surutun jama'a ba ya aiki. Yana yi, in an san abin da ake nema. A 2020 Autodesk ya rage abubuwan da masu amfani da Fusion 360 kyauta za su iya yi. Cikin abin da ya ce zai cire har da fitar da zane a tsarin STEP, wanda shi ne hanyar da za ka ɗauki aikinka ka buɗe a wata manhajar. Masu amfani suka taru a kan wannan guda ɗayan, suka ce a rage komai amma kada a kulle mana ƙofar fita. Kafin ranar fara aiki da dokar, kamfanin ya janye wannan ɓangaren, sauran takunkumin kuma suka zauna. Da ihun "ku bar komai kyauta" kawai aka yi, da ba a samu ko wannan ba.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: ai akwai kirak. Akwai kam, a Telegram ma an fi samu. Sai dai ka tuna kwamfutar da za ka girka shi ita ce mai furojet ɗinka, da hotunanka, da kalmomin sirrin imel da na banki da burauzarka ta adana. Wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa manhaja ya raba wa duniya kyauta, shi ma da abin da yake nema, kuma manhajojin da aka fasa sananniyar hanya ce ta shigo da ɓarayin bayanai. A kan Fritzing ma abin dariya ne, mutum ya je ya sauko da kirak na abin da asalin rubutunsa ke buɗe a fili.

Malamanmu na jami'a da kwalejojin fasaha su ma da nasu a ciki. Sau da yawa malami zai ce kowa ya yi aiki da manhaja kaza, don ita ya koya, bai duba ko har yanzu kyauta ce ba, bai kuma duba ko ɗalibi zai iya biya daga nan ba. Haka ake tura aji guda zuwa wajen masu kirak. In sashe na son Fritzing, ya tara kuɗi ya saya wa ɗakin gwaji, ko a ba wani ɗalibi mai kai aikin harhaɗa ta daga GitHub, wanda shi kansa darasi ne babba. In gwada da'ira kawai ake so kafin a sayi kaya, Tinkercad na yi a cikin burauza, kodayake ita ma ta Autodesk ce, kuma sai da data.

Kai kuma, 'yar uwa ke ma, manhajar da kake amfani da ita yau kyauta, buɗe ta ka duba abu biyu kafin dare. Shin tana aiki in ka kashe data? Kuma akwai wurin da za ka fitar da aikinka a tsarin da wata manhajar za ta iya buɗewa, kamar Gerber in allo ne, ko SVG in zane ne? In amsar duka biyun a'a ce, to aro aka ba ka, kuma mai abu na iya zuwa karɓa ranar da kake kare furojet. In kunna fitilar ɗakinka kawai kake son yi daga waya, ESP32 na iya buɗe ƙaramin shafinsa a kan wayifai ɗin gida ko hotspot ɗinka, ba sai saƙon ya je Amurka ya dawo ba. Misalin yadda ake yi yana cikin misalan da ke zuwa tare da kunshin ESP32 a manhajar Arduino, a ƙarƙashin WebServer.